Kwamfuta A Cikin Kwamfuta: Abin Da Na Gani Kafin A Goge Kwamfutocin Makaranta

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai





Ina neman afuwar iyayenmu malamai. Yau ga yaron da kuka sha kora daga aji saboda surutu, an miƙa masa lasifika an ce ya yi surutu, ku kuma ku zauna ku saurara. Ba ni na nema ba. Kwamitin ayyuka ne ya ɗora mini wani aiki wata 3 da suka wuce, ya kuma ce in zo gaban jama'a in faɗi abin da na gano, tunda kuɗin da aka kashe na jama'a ne.

Kowa a nan ya san kwamfutocin tafi-da-gidanka guda 30 da wannan ƙungiya ta saya wa makaranta. Kwance ne, ba sababbi ba, domin iyakar ƙarfinmu ke nan. Dalilin sayensu ɗaya ne tak. Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, a 2024 kuma WAEC ta soma yin haka ga masu zana jarrabawa daga waje. Muka ce ba zai yiwu ɗan makarantarmu ya fara taɓa kwamfuta a ranar jarrabawa ba, agogo na tafiya, shi kuwa yana neman inda zai danna.

To, ga inda gizo ke saƙa. Dukkan kwamfutocin nan Windows 10 ke kansu, kuma ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya rufe wa'adin kula da ita. Wannan ba ya nufin kwamfutar ta mutu. Za ta kunnu, za ta yi aiki. Sai dai ta zama kamar gidan da maigadi ya ajiye aiki, idan ɓarayi suka gano wata kafa a katanga babu mai zuwa ya toshe. Akwai shirin ƙarin wa'adi, amma shi ma ranarsa tana zuwa. Windows 11 kuwa tana buƙatar injin da ya fi namu sabunta, namu sun tsufa gare ta. Daɗin daɗawa, malamin kwamfuta ya gaya mana cewa kusan kowace Asabar a ɗakin nan yake ƙare ta, yana wanke ƙwayoyin cutar da yara ke kwasowa a filash.

Ana cikin wannan sai wani ƙanenmu a kwamiti ya kawo shawara. Ya ce akwai wata babbar manhaja ta kamfanin Google, sunanta ChromeOS Flex, an yi ta musamman domin tsofaffin kwamfutoci, ba ta da nauyi, kuma kyauta ce. Da jin kalmar kyauta sai fuskoki suka saki, saura kaɗan a ce an amince. Ma'ajinmu ne, wanda kuka san ba ya sakin kwabo sai da dalili, ya ɗaga hannu ya ce, idan an sa ta ba ta yi ba, wa zai dawo da abin da aka goge? Tambayarsa kuwa tana kan hanya, domin idan za a girka wannan manhaja sai ta share duk abin da ke cikin faifan kwamfutar, ba ta zama tare da kishiya. Nan aka juyo aka dube ni.

Kafin in ci gaba, bari in warware kalmomi biyu saboda iyayenmu da ba wannan ce sana'arsu ba. Wanda ya sani ya yi haƙuri.

Babbar manhaja ita ce wadda ke tashi da zarar ka kunna kwamfuta, ita ke raba wa sauran manhajoji wuri da lokaci, kamar yadda ofishin Shugaban Makaranta ke raba azuzuwa da jadawali. Windows ɗaya ce daga cikinsu. Akwai wasu.

Kalma ta biyu ita ce gajimare. Turawa ne suka raɗa sunan, kuma sunan yana ruɗar mutane, har wasu na zaton kayansu na can sama suna yawo. Babu wani gajimare. Wasu manyan gine-gine ne cike da kwamfutoci, a Amurka da Turai da wasu ƙasashe, mallakar manyan kamfanoni, kai kuma kana ajiye takardunka a can, kana isa gare su ta intanet. Duk wanda ya yi kwana a makarantar nan ya san irinsa. Ku tuna ɗakin akwatuna. Ranar da muka dawo hutu kowa ya kai akwatinsa na ƙarfe a kulle masa. Garinka da ƙulinka da sukarinka suna nan lafiya, ɓera bai ci ba, siniya bai ƙwace ba. Amma makulli yana hannun malamin gida, kuma ba a buɗewa sai ranar Asabar. Idan yunwa ta kama ka daren Talata, kana da gari, amma ba ka da gari. To, babbar manhaja mai dogaro da gajimare ita ce wadda ta ce maka kada ka ajiye komai a ƙarƙashin gado, kai duka ɗakin akwatuna.

Tunanin ba sabo ba ne. A shekarar 1996 kamfanin Oracle ya fito da abin da ya kira Network Computer, wato kwamfuta mai araha wadda ba ta ajiye komai a cikinta. Ba ta karɓu ba, domin intanet na lokacin ta wayar tarho yake bi, yana tafiyar hawainiya. A 2009 Google ya sanar da tasa, a 2011 kamfanonin Samsung da Acer suka fara sayar da kwamfutocin da ake kira Chromebook, waɗanda daga baya suka cika makarantun Amurka. Wani ƙaramin kamfani a birnin New York, Neverware, ya ɗauki tushen manhajar ya gyara ta yadda za ta hau tsofaffin kwamfutoci, ya sa mata suna CloudReady. Google ya sayi kamfanin a ƙarshen 2020, a 2022 kuma aka fito da ita da sunan ChromeOS Flex. Ita ce ƙanenmu ya kawo mana. Abin da take nema kaɗan ne, ram gigabait 4 da wurin ajiya gigabait 16, kuma namu suna da wannan.

Ma'aji ya ce ba zai ba ni ko ɗaya daga cikin 30 ɗin in yi wasa da ita ba. Ban ji haushi ba. Na ce masa ba na ma buƙata, zan yi gwajin a kwamfutar kwaikwayo.

Waɗanda suka yi Ƙungiyar Matasan Manoma a nan za su tuna gonar gwaji da ke bayan ɗakin kimiyya. Idan aka kawo sabon iri, Malam ba ya yarda a watsa shi a babbar gona. Sai a yanki ɗan fili, a kewaye shi, a shuka a gani. In ya yi kyau a faɗaɗa, in ya lalace ɗan filin kawai aka rasa. Kwamfutar kwaikwayo haka take. Wata manhaja ce ke yanko wani kaso na ƙarfin kwamfutarka, ta kewaye shi, ta yi masa siffar cikakkiyar kwamfuta mai faifanta da allonta da wayar intanet ɗinta. Sabuwar babbar manhajar da ka girka a ciki ba ta san cewa a cikin wata take zaune ba. In ta ce za ta share faifai, sai ta share faifan kwaikwayo, wanda fayil ɗaya ne kurum a cikin kwamfutarka, naka na gaske yana nan daram. Wannan dabara ta girmi yawancinmu. Kamfanin IBM ya yi ta a manyan injinansa tun shekarun 1960, sai a 1999 kamfanin VMware ya sauko da ita kan irin kwamfutocin da muke da su a ofis.

Akwai wani abu a cikinta da ya fi burge ni. Kana iya tsayar da ita ka adana halin da take ciki a daidai wannan lokaci, sannan ka ci gaba. In ka yi ɓarna sai ka danna, ta koma yadda take kafin ɓarnar, kamar ba a yi ba. Da ana yi wa jarrabawar lissafi haka, da wasunmu yanzu injiniyoyi ne.

Gwajina na farko bai yi ba, kuma laifina ne. Na sauko da manhajar, nauyinta ya haura gigabait 1, ana tsakiya masu wuta suka ɗauke abinsu, na sake daga farko. Na buɗe VirtualBox, wadda na saba da ita shekara da shekaru, na yanka wa baƙuwar ram gigabait 4 domin ta yi daidai da na makaranta, na kunna. Allo ya yi baƙi. Na jira, na sha shayi, na dawo, yana nan baƙi. Dare biyu ina juya saiti. Sai a rana ta uku na yi abin da ya kamata in fara yi, wato na karanta bayanin masu manhajar, na tarar sun faɗa ƙarara cewa ba su yi ta domin kwamfutar kwaikwayo ba, kuma ba su ɗauki alhakin wanda ya gwada ta haka ba. Malaminmu na Turanci yana nan zaune. Sau nawa ya ce mana a karanta umarni kafin a fara amsa tambaya? Ranka ya daɗe, yau na amsa laifina a bainar jama'a.

Matsalar daga wajen zanen allo take. Wannan manhaja tana son ta yi magana kai tsaye da sashen kwamfuta mai zana hotuna, kuma ba kowane na kwaikwayo take ganewa ba. Sai na koma wata manhajar, QEMU, wadda wani Bafaranshe mai suna Fabrice Bellard ya fara rubutawa a 2003, na ɗora ta a kan Linux, na zaɓi irin allon da baƙuwar ke ganewa. Nan take farin allo ya bayyana da tambarinta. Da farko kibiyar linzami ta ɓace, ina ta danne-danne kamar mai laluben ashana a duhu, amma da na sauya wani saiti ta fito.

Abu na farko da ta tambaye ni, kafin sunana, kafin komai, shi ne ina intanet. Ba ta barin ka wuce wannan mataki sai ka haɗa ta. Na rubuta wannan a littafina na ja masa layi biyu. Bayan nan ta nemi asusun Google da kalmar sirri. Da na shiga sai ga fili fes, da ɗan layi a ƙasa mai ɗauke da burawuzar Chrome da ma'ajiyar fayiloli da saiti. In taƙaice muku, burawuza ce aka gina wa gida. Rubutu a cikinta, lissafi a cikinta, wasiƙa a cikinta.

Zan faɗi gaskiya, ta burge ni, kuma ƙanenmu bai yi ƙarya ba. Ba ta da tarkace. Yaron da ya iya wayar hannu zai gane ta a zama ɗaya. Ƙwayoyin cutar da ke addabar malamin kwamfuta na Windows ne, a nan ba su da wurin kamawa, sai su zauna a filash kamar baƙon da ba ya jin yaren gari. Tana sabunta kanta da kanta wajen kowane mako 4, ba tare da ta tsayar da kai ba, domin kwafi biyu na kanta take riƙewa, tana gyara ɗaya kana aiki da ɗaya, in ka sake kunnawa ta koma kan sabon. Akwai kuma ƙofar baƙo. Yaro ya shiga ba da asusu ba, ya yi abin da zai yi, da ya fita komai ya goge, na bayansa ya tarar da ita wankakkiya. Duk wanda ya taɓa kula da ɗakin da yara ɗari-ɗari ke shiga ya san darajar wannan.

Malaminmu na Hausa ya aiko mini da tambaya tun kafin taro, wai za a iya rubuta haruffa masu lanƙwasa? Allah ya gafarta Malam, za a iya. Hanyar da na bi ita ce a danne Ctrl da Shift da U tare, sannan a rubuta lambar harafin. Lambar ƙ ita ce 0199, ta ɗ 0257, ta ɓ 0253. Da ɗan wahala, amma ta fi yadda editocin wannan mujalla ke yi a da, lokacin da ake bin kowane shafi da biro ana lanƙwasa haruffa da hannu bayan an buga.

To, jama'a, yanzu na zo kan abin da ya sa na ce a ba ni lokaci a wannan taro.

A kwamfutar kwaikwayo akwai wani ɗan akwati da ake cire wa alama, sai ya zama kamar an zare wayar intanet daga bango. Na adana halin da take ciki, na cire alamar, na zauna in ga me zai rage.

Na buɗe burawuza, sai ga wani ɗan dabba mai kama da ƙadangare ya fito yana sanar da ni babu intanet. In ka danna sai ya yi ta gudu yana tsallake ƙayoyi. Wasa ne suka sa domin rage wa mutum zafin jira, kuma ina tabbatar muku yaranmu za su ƙware a kansa cikin mako guda. Ban ce komai ya tsaya ba. Takardar da na riga na sauko da ita ta buɗu, bidiyon da ke cikin ma'ajiya ya yi, kalkuleta ta yi. Manhajar rubutu ta Google Docs ma tana aiki ba intanet, amma da sharaɗi, sai in tun ana da intanet ka kunna mata wannan izini a asusunka. Wato sai ka tuna ranar Asabar ka ɗebo garin da za ka sha ranar Talata.

Sai na fita, na yi kamar ni wani ɗalibi ne dabam da ya zo zai shiga da nasa asusun. Ta ƙi. Wanda ya taɓa shiga wannan kwamfutar yana iya komawa ba intanet, amma shigar farko dole sai da shi. Ku auna wannan da halinmu. Kwamfutoci 30, yara ɗaruruwa, kuma babu tabbacin wadda yaro ya zauna a kai yau ita zai samu gobe. Kowane sabon zama shigar farko ce. Ranar da babu intanet, aji guda zai zauna yana kallon ƙofa a kulle, sai dai a bi ta ƙofar baƙo, wadda ba ta ajiye aikin kowa.

Asusun kansa ma magana ce. A ƙa'idar Google sai yaro ya kai shekara 13 yake buɗe asusu da kansa, 'yan aji ɗaya namu kuwa da yawa ba su kai ba. Akwai tsarin da suka yi wa makarantu, inda makaranta ke buɗe wa kowane yaro, kuma matakinsa na farko kyauta ne ga makarantar da ta cika sharuɗɗa. Amma sai makaranta tana da adireshinta na intanet, da mutum tsayayye mai kula da shi, kuma in ana son a riƙa sarrafa kwamfutocin duka daga wuri ɗaya akwai lasisin da ake biya a kan kowace. Wa zai riƙe babban makulli? In aka yi wa malamin canjin wurin aiki, kuma lambar wayarsa ce a jikin asusun, ina aka nufa? Mun ga yadda makullin ɗakin karatu ya taɓa tafiya hutu a aljihun wani, balle wannan da ba a ganinsa.

Abu na gaba shi ya fi tayar mini da hankali. Manhajar gwajin jarrabawa da aka saka wa yara a kwamfutocin nan, wadda saboda ita muka tara kuɗin, ta Windows ce. Na kwafo ta na danna, ko motsi. Na ce to bari in nemi irinta ta waya. Ashe ChromeOS Flex ba ta ɗaukar manhajojin Android, ba ta da Play Store, sabanin yawancin Chromebook na kanti. Da mun amince a wancan zama an bi kwamfutocin an goge, da mun wayi gari da injina 30 masu sauri da tsabta waɗanda ba sa yin aikin da aka saye su dominsa.

Wani zai ce ai sai a sa wa makaranta intanet, magana ta ƙare. Na yarda, amma a faɗi wanda zai riƙa biya kowane wata, ba wata na farko da ake ɗaukar hoto ba. A watan Janairu 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin 100. Sabuntawar nan da na yaba ma data take ci. Kuma ko da kuɗi a hannu, hanya tana yankewa. A watan Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku da dama sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Nijeriya da Gana da maƙwabta, har hada-hadar bankuna ta taɓu. A watan Satumba 2021 an rufe layukan waya a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, aka yi makonni a haka, daga baya abin ya shafi wasu sassan jihohin da ke kusa. Akwai 'yan uwa a wannan zaure da suka riƙa tafiya wani gari domin su buga waya. Makarantar da duk darasinta ke gajimare, me za ta koyar a irin waɗannan makonni?

Har na fara rubuta wa kwamiti cewa a bar maganar. Sai wani tunani ya zo mini ina kan hanyar masallaci. Ita burawuza ba ruwanta da nisan inda shafi ya fito. Ko daga Amurka ne, ko daga lungun ɗaki, in dai an ba ta adireshi za ta buɗe. To me zai hana mu gina namu ɗakin akwatunan a cikin ɗakin kwamfuta, makulli a hannunmu?

Na dawo na yanka kwamfutar kwaikwayo ta biyu. Na sa mata Linux, na ɗora mata Moodle, wata manhajar kyauta da jami'o'i da yawa ke shirya darussa da jarrabawa da ita tun 2002, da kuma Kiwix, wadda ke ɗauke da kwafin Wikipedia, har da ta Hausa, a karanta ba intanet. Na haɗa kwamfutocin kwaikwayon biyu da wayar kwaikwayo, na bar hanyar waje a yanke. Na roƙi malamin lissafi na yanzu ya ba ni tambayoyi 20 irin na zaɓi ɗaya cikin huɗu, na zuba su, na sa agogon minti 20. Sannan na shiga ta ƙofar baƙo, na rubuta adireshin ta biyun. Shafi ya buɗe nan take. Tambaya ta fito, agogo na sauka a gefe, na danna amsa, na wuce gaba, kamar yadda yaro zai yi a zauren jarrabawa. Da na gama ta ba ni sakamako, kuma sakamakon ya zauna a ta biyun, bai goge da fitata ba. Na ci 9. Tsohon malaminmu na lissafi yana murmushi, na gan shi. Ranka ya daɗe, ban canza ba.

Sai dai kada in yi muku daɗin baki. Gonar gwaji da bokiti ake ba ta ruwa, babbar gona kuwa sai abin da sama ta yi. Akwai abubuwan da kwamfutar kwaikwayo ba ta nunawa. Saurin da na gani na injina ne, wanda ya fi na makaranta ƙarfi. Intanet ɗin da ta gani ta wayar kwaikwayo ya zo, saboda haka ba a gwada na'urar kama Wi-Fi da ke cikin namu ba, kuma nan ne tsofaffin kwamfutoci suka fi yin gardama. Haka batir, da sauti, da kyamara, da firintar ofis, da yadda za su jure zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu. Masu manhajar sun ce ba su lamunce wa faifan CD da DVD ba, alhali akwai darussan kimiyya a kabad da ke kan irin wannan faifai. Suna da jerin samfuran kwamfutocin da suka gwada suka amince da su, namu kuwa iri uku ne, sai an bi kowane iri an duba. Abin daɗi, ana iya ɗora manhajar a filash mai gigabait 8 a tashi kwamfuta daga jikinsa ba tare da an goge komai ba. Wannan shi ne mataki na gaba, kuma a nan dole Ma'aji ya saki hannu.

Akwai kuma abin lura. Wata manhaja irin wannan mai suna Joli OS, ta wani kamfanin Faransa, ta yi tashe, a 2013 masu ita suka daina ta. A 2025 kuma wani babban jami'in Google ya bayyana cewa suna shirin haɗe ChromeOS da Android su zama abu ɗaya. Mai kyauta shi ke da ikon sauya kyautarsa. Amfanin ɗakin akwatunan namu shi ne bai ɗaure mu da kowa ba. Duk babbar manhajar da ke da burawuza za ta iya shiga, ko wannan, ko wata Linux mara nauyi irin su Linux Mint, ko wayar malami.

Saboda haka ga abin da nake roƙon taro ya amince da shi. Kada a goge ko ɗaya a wannan zango. A ba ni 6, biyu daga kowane iri, mu tashe su daga filash ni da malamin kwamfuta, 'yan aji shida su yi aiki da su har ƙarshen zango, su faɗa mana abin da suka gani, domin yaro yana gano aibin na'ura kafin babba. Sauran su zauna a kan Windows da manhajar gwajinsu, amma a raba su da intanet, a kuma hana sa filash ɗin waje. A ware ɗaya mafi ƙarfi ta zama ɗakin akwatuna, a saya mata na'urar rarraba Wi-Fi da batir da ɗan faifan sola, domin in ta mutu duka sun mutu. Na ba Ma'aji ƙiyasin kuɗin a rubuce, ya karanta, bai suma ba.

Abin da kuɗi ba zai saya ba shi ne tambayoyin. Akwatin da babu gari a ciki ba ya maganin yunwa. A nan nake juyowa ga iyayenmu malamai da suka yi ritaya, da abokanmu da ke koyarwa a wasu wurare. Na san akwai tsofaffin littattafan shirya darasi a gidajenku, cike da tambayoyin da kuka gasa mu da su. Ku ba mu aron su. Ƙannenmu biyu sun ɗauki nauyin bugawa, ni kuma zan zuba. Kowane fanni muna son a fara da tambaya 100, da amsa, da ɗan bayanin dalilin amsar.

Na zo da kwamfutar tawa, tana kan tebur a bakin ƙofa, kwamfutocin kwaikwayon biyu suna kunne a cikinta. Bayan sallar Azahar da cin abinci, duk mai so ya zo ya zauna ya gwada tambayoyin nan 20. Akwai takarda a gefe domin masu ba da aron littattafai su rubuta fanninsu. Na roƙi tsohon malaminmu na lissafi ya tsaya a wajen ya sa ido, saboda na san 'yan ajinmu.

 Allah ya jiƙan malamanmu da abokanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.